Katin da ya dace da tsohuwar kwamfuta: abin da ya same ni tsakanin Tajaye da Ƙonni

Abin da zan ba ku labarinsa yau bai kai akwatin ashana girma ba, amma ya ci mini jika 12 na kuɗin amana, ya hana ni barci dare 3, ya kuma kusa zubar mini da mutunci gaban dattawan da suka yarda da ni. Da na so, da na ja bakina na yi shiru, tun da babu wanda ya tilasta mini in tona asirin kaina a jarida. To amma na san a cikinku, ƴan kasuwa da ma'aikatan gwamnati, da yawa suna da irin na'urar da nake da ita, kuma ramin da na faɗa yana nan buɗe yana jiran wani. Wanda ya riga jama'a faɗawa rami, in yana da kirki, sai ya ɗaga murya.

Bayan na yi ritaya daga aikin koyarwa na dawo gida Tajaye, cikin gundumar Illela ta jahar Tawa, sai manoman unguwarmu suka ɗora mini sakatarcin ƙungiyarsu, wai tun da ni na saba da alli da takarda. Mutum 214 ne, masu noman gero da dawa da wake da damina, wasunsu kuma suna taɓa albasa da rani. Sunayensu, da girman gonakinsu, da kuɗin da kowa ya zuba, da bashin irin da kowa ya ci, duk suna cikin wata kwamfutar tafi-da-gidanka, wadda mutanen buro ke kira ordinatar. Wani tsohon ɗalibina da ke aiki a Yamai ya ba ni ita a 2015, kuma ko a lokacin ba sabuwa ba ce: ƙirar 2011 ce, ta gama wa wani Bature aiki kafin ta ƙetaro teku. Haruffanta jerin Faransanci ne, Windows 7 ke cikinta, batirinta ba ya wuce minti 40. Duk da haka shekara 9 ba ta taɓa ba ni kunya ba.

Mu a karkara ba mu da wayar intanet da ke shigowa gida. Abin da muke yi shi ne mu sa wa salula kuɗi, ita ta kamo rezo daga dogon ƙarfen kamfani, sannan ta raba wa kwamfuta ta iska. Wannan rabon ta iska shi ne wifi. Abin da ban sani ba a lokacin shi ne, ba kwamfutar ce gaba ɗayanta ke jin wannan iska ba. Akwai wani ɗan kati a cikin cikinta, wanda ainihinsa ƙaramin rediyo ne mai karɓa da aikawa, da ƴan wayoyi 2 sirara da suka bi ta maganaɗin murfi suka haura bayan allo, su ne eriyarsa. In wannan kati ya mutu, sauran jikin na'urar yana nan lafiya lau, sai dai ta zama kurma.

A watan Mayu na 2024, ana tsakiyar zafin bazara, saƙo ya zo daga ofishin wani shirin taimakon manoma a Tawa cewa kowace ƙungiya ta aika da jerin membobinta ta intanet cikin kwana 10, domin rabon iri da takin zamani kafin saukar ruwa. Wanda bai aika ba, sai baɗi. Na zauna da safe na kunna salula, na kunna kwamfuta, sai na ga ƴar alamar nan ta rezo da jan giciye a kanta. Na kashe na kunna, na kai ta inuwa, na hure mata ƙura, shiru. Ɗan ƙanena, wanda ke ajin ƙarshe a lise kuma shi ne masanin gidanmu a wannan fanni, ya duba ya ce: "Baba, katin wifi ne ya mutu. A Ƙonni ana samun wani."

Na je wurin ma'ajin ƙungiya, dattijo ne da ba ya fidda dala sai ya juya ta sau 2, na yi masa bayani. Ya buɗe akwati ya ƙirgo mini jika 15, ya ce: "Mushe, kai ka san abinka. Mu dai kada iri ya wuce mu." Washegari na yi sammako na hau motar Ƙonni. Kwamfutar kuwa na bar ta gida, wai don kada ta sha jijjiga da ƙura a hanya. Wannan shi ne kuskurena na farko, kuma shi ya haifi sauran.

Wanda ya san Birnin Ƙonni ya san gari ne da ke numfashi ta iyaka. Daga nan zuwa Illela ta Najeriya, wadda take takwarar tamu Illelar, tafiyar ƴan mintoci ce, daga can kuma sai Sakkwato. An rufe iyakar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, ba a sake buɗe ta ba sai watan Maris na 2024, don haka lokacin da na je kaya sun fara dawowa, shagunan ƴan salula sun cika. Na shiga wani babban shago na yi sallama, na ce da mai shi: "Alhaji, katin wifi na kwamfuta nake so, mafi sabo, mafi ƙarfi, wanda ba zan sake dawowa ba." Ya ce: "Mushe, ka zo gidansa." Ya ɗauko mini wani a cikin leda mai ƙyalli, ya ce wannan Wi-Fi 6 ne, babu na gabansa a shagon. Muka yi ciniki ya sallama jika 12. Bai tambaye ni wace irin na'ura gare ni ba, ni ma ban faɗa masa ba. Na dawo gida ina jin kaina kamar wanda ya sayo ingarma a kuɗin jaki.

Da dare ɗan ƙanena ya kwance murfin ƙasan kwamfutar, muka haska tocila. Ga tsohon katin kwance a gurbinsa, ga sabon a hannuna. Ko makaho ya shafa ya san ba ɗaya ba ne. Sabon ya fi siranta, haƙoransa masu ruwan zinariya sun fi ƙanana, giɓinsu ba a wuri ɗaya yake ba, kuma kawunan wayoyin eriya sun yi wa ƴan maɓallansa girma. Yaron ya so ya danna da ƙarfi, Allah ya taimake ni na riƙe masa hannu. Na kwanta ina lissafi: kwana 4 sun tafi, saura 6, jika 12 sun tafi, saura abin da bai kai kuɗin mota zuwa da dawowa ba, mutum 214 kuma suna barcinsu da sanin cewa Mushe ya san abinsa. Rashin sani ya fi dare duhu, amma ranar na gane cewa rabin sani ya fi su duka biyu, domin mai rabin sani ba ya tambaya.

Bayan kwana 2 na sake komawa Ƙonni da kuɗin aljihuna, wannan karo da kwamfutar a cikin jaka. Mai shago ya saurare ni da mutunci, sannan ya ce: "Mushe, kai ka ce mafi sabo, na ba ka mafi sabo. Leda kuma an yage ta, wa zan sayar wa?" Na so in yi fushi, sai na ga gaskiyarsa. Abin da ya yi mini na alheri shi ne ya haɗa ni da wani yaro mai gyara da ke da ɗan tebur a bakin rumfa, wanda ya koyi sana'ar a Sakkwato. Shekarunsa ba su fi 25 ba. Da a ajina yake, da shi zan aika ya goge allo.

Na zayyana masa damuwata, na ce kwana 4 suka rage mini. Ya ce: "Baba, kawo salularka da wayar cajinta." Ya soka wayar a jikin kwamfuta, ya shiga cikin saitin salula ya taɓa wurin raba intanet ta USB. Ba a yi minti 2 ba sai ga rezo ya shigo. Ya ce: "Aika takardarka tukuna, sannan mu yi maganar kati." A kan bencin nan, tsakanin mai sayar da rake da mai facin taya, na aika da sunayen mutum 214. Wayar da ta fitar da ni kunya tana rataye a ƙusar ɗakina tun ranar farko. Ina roƙon mai karatu, in bai riƙe komai daga wannan shafi ba, ya riƙe wannan: kwamfutar da katinta ya mutu tana iya shan intanet daga salula ta wayar caji, muddin wayar mai ɗaukar bayani ce, ba irin mai arahar nan da ke kai wuta kaɗai ba.

Da hankalina ya kwanta, sai na zama ɗalibi, yaron ya zama malami. Ya ce kafin mutum ya fidda ko dala a kan kati, akwai tambayoyi 5 da zai yi wa na'urarsa, kuma a jere suke, ba a tsallake ɗaya. Na fiddo biro na rubuta a bayan rasiɗin jika 12 ɗin nan, daga baya kuma na bi diddiginsu na ƙara karatu a kai. Ga su kamar yadda na fahimce su.

Ta farko: shin da gaske katin ya mutu? Tsofaffin kwamfutoci da yawa suna da ɗan makunni a gefe ko a gaba, ko wani maɓalli a jerin sama mai hoton eriya, wanda ke kashe wifi. Hannun yaro ko goshin jaka yana iya ture shi ba a sani ba. Wani lokaci kuma wayar eriya ce ta zame, ko katin ya ɗaga daga gurbinsa saboda jijjigar hanya. Yaron ya duba duk waɗannan, ya cire katin ya goge haƙoransa ya mayar, sannan ya tada na'urar da Linux daga cikin kile, don ya ga ko laifin Windows ne. Can ma ba a ga katin ba. Sai a lokacin ya yarda ya mutu. Ya ce mini sau da yawa akan kawo masa na'ura da wannan kuka, ya ture makunni ya miƙa wa mai ita ba tare da ya karɓi ko sisi ba.

Ta biyu: wane irin gurbi gare ta? A nan na faɗi. Gurbin kati ya sha canji, kuma kowane zamani da nasa. Na'urorin shekarun 1990 da farkon 2000 suna da wata tsaga a gefe da ake zura kati mai faɗin katin shaida, ana ce mata PCMCIA, daga baya CardBus. A 2003 aka fito da magajiyarta ExpressCard, mai faɗin milimita 34 ko 54. A cikin ciki kuwa, an fara da Mini PCI, mai faɗin kusan milimita 60. Wajen 2006 ya ba da wuri ga Mini PCI Express, mai faɗin milimita 30 da haƙora 52, wanda yake iri biyu: dogo mai tsawon kusan milimita 51, da rabi mai kusan 27. Daga 2013 aka shigo da M.2, wanda katin wifinsa milimita 22 ne a faɗi, 30 a tsawo, kuma maɓallan eriyarsa sun fi na da ƙanƙanta. Tawa mai rabin Mini PCI Express ce, ni kuwa na sayo mata M.2. Akwai ma wani tarko a ciki: wasu na'urori suna da gurbi na biyu mai kama da na wifi sak, alhali na ma'ajiyar bayanai ne ko na katin layin salula. Maganin duk wannan ɗaya ne: a buɗe a gani da ido, ko a ɗauki hoton tsohon katin da lambobin jikinsa a tafi da shi kasuwa. Gani ya kori ji.

Ta uku: ko ya shiga gurbi, na'urar za ta karɓe shi? A cikin kowace kwamfuta akwai wani ɗan shiri da ke farkawa tun kafin Windows, ana kiransa BIOS, shi ne kamar mai gadin ƙofa. Wasu kamfanoni, a ƙirarsu ta shekarun baya, sun ba mai gadin nan jerin sunayen katunan da aka yarda da su, suka ce dalilinsu dokokin iskar rediyo ne na ƙasashe. In ka sa baƙon kati, na'urar sai ta tsaya cik tun daga ƙofa. Masu gyara sun san wannan a tsofaffin ThinkPad, inda lamba 1802 ke fitowa a allo, da wasu tsofaffin HP, inda lamba 104 ke fitowa. Mai irin wannan na'ura dole ya nemi katin da ke ɗauke da lambar kayan gyara ta kamfanin da ya ƙera ta, ko da kuwa wani katin mai suna iri ɗaya yana gabansa. Tawa ba ta da wannan kulle, amma da tana da shi, da na sake zubar da kuɗi a karo na biyu.

Ta huɗu: akwai tafinta tsakanin katin da Windows ɗin da ke ciki? Kowane kati yana bukatar wata ƴar manhaja da ke fassara tsakaninsa da na'ura. Masu gyara na Najeriya suna ce mata direba, namu na nan suna cewa filot. In babu ita, kati lafiyayye da matacce duk ɗaya ne. Yaron ya ce ko da mun nemo ƴar mahaɗar da ke zaunar da M.2 a tsohon gurbi, wadda akwai ta a duniya, katin da na sayo ba a yi masa tafintan Windows 7 ba, sai Windows 10 zuwa sama. Linzami ya fi ƙarfin bakin kaza. Ya kuma nuna mini yadda ake gane asalin kati ba tare da an dogara ga rubutun leda ba: a cikin jerin kayan na'ura da Windows ke nunawa, kowane kati yana da lambar maƙerinsa. In ka ga 8086, na Intel ne; 168C na Atheros; 14E4 na Broadcom; 10EC na Realtek. Sannan ya ja mini kunne da cewa a sauko da tafintan a ajiye a kile ko a salula tun kafin a cire tsohon kati, domin wanda ya bari sai ya rasa intanet sannan ya nemi abin da sai da intanet ake samunsa, ya kulle ɗaki ne da makulli a ciki.

Ta biyar: katin yana jin yaren da salula ko akwatin wifi ke yi? Ƙa'idar wifi, mai lamba 802.11, wata ƙungiyar injiniyoyi mai cibiya a Amurka, IEEE, ta fitar da ita a 1997, tana tafiyar megabit 2 kacal a daƙiƙa. A 1999 aka yi mai harafin b, megabit 11. A 2003 mai g, megabit 54. A 2009 mai n. A 2013 mai ac. Sai a 2018 aka sauƙaƙa wa jama'a aka koma kiransu da lamba: n ya zama Wi-Fi 4, ac ya zama Wi-Fi 5, ax ya zama Wi-Fi 6. Sababbi suna jin yaren tsofaffi, wannan ba matsala. Inda gizo ke saƙa wuri biyu ne. Na ɗaya, hanyar iska: akwai ta gigahaz 2,4 da ta gigahaz 5. Tsofaffin katuna da yawa ta farkon kaɗai suke ji, don haka in salula tana rabo a ta biyun, kwamfuta ba za ta ko ga sunanta ba, mai ita ya ce kati ya mutu alhali saiti ne za a canza. Na biyu, makullin sirri: an fara da WEP, wanda aka daɗe da gano lagonsa, aka zo WPA a 2003, WPA2 a 2004, WPA3 a 2018. Windows 7 ba ta san WPA3 ba. Sai a mai da salula kan WPA2 su fahimci juna.

A nan ne ya faɗa mini maganar da ta fi shiga raina. Ya ce hanyar gigahaz 5 ta fi gudu, amma ba ta da nisa kuma ba ta iya ratsa katanga sosai. Ta 2,4 ta fi jinkiri amma ta fi kai wa nesa. Ya tambaye ni: "Baba, da me aka gina ɗakinka?" Na ce da laka, kaurin katangar ya kai kamu ɗaya. Ya yi dariya ya ce to ashe tsohuwar hanyar ce tawa. Ya ƙara da cewa, a ƙauye ba kati ne ke rage gudun intanet ba, abin da dogon ƙarfe ke aikowa ne. In rijiya guga ɗaya take bayarwa, sayen babbar randa ba ya ƙara ruwa.

Daga nan ya jawo wani kwali daga ƙarƙashin tebur, cike da gawarwakin kwamfutoci: wadda allonta ya fashe, wadda ruwan shayi ya kashe, wadda wutar janareto ta ƙona. Ya zaro kati daga cikin wata sa'ar tawa, Intel 6205, ƙirar 2011, rabin Mini PCI Express, mai jin hanyoyin iska duka biyu, mai kai wa megabit 300. Kafin ya taɓa cikin na'urata ya zare wayar wuta, ya cire batir, ya dafa ƙarfen ƙafar tebur da tafin hannu. Na tambayi dalili, ya ce wutar nan da ke tartsatsi a jikin bargo lokacin hunturu ta isa ta kashe kati. Ya zura shi a karkace, ya kwantar da shi, ya ɗaure da sukudireba, ya ɗora kawunan eriya a tsaye ya danna su a hankali har suka yi ƙas. Ya sa tafinta daga kilensa. Muka kunna, sai ga sunayen rezo sun jeru har na shagon da ke tsallaken titi. Kati da aiki duka jika 3. Da tsohuwar zuma ake magani.

Na tambaye shi wanda ba shi da mai gyara kusa, ko na'urarsa mai kulle ce, yaya zai yi? Ya ce akwai ɗan katin waje da ake sokawa a kafar USB, wani bai fi ƙwayar gyaɗa girma ba, wani yana da ƴar eriya a tsaye. Ba ruwansa da gurbin ciki, ba ruwansa da mai gadin ƙofa, don haka shi ne hanya mafi sauƙi. Aibinsa, yana cinye kafa ɗaya, yana saurin ɓata ko karyewa a jaka, ƙananan kuma ba su kai eriyar cikin murfi jin nesa ba. Shi ma yana son tafinta, kuma sau da yawa a ɗan faifai yake zuwa, alhali mazurin faifan tsofaffin na'urori ya daɗe da mutuwa. A kuma duba lambar bugu a jikin kwali: akwai wani sananne, TL-WN722N, wanda bugunsa na 1 ƙwaƙwalwar Atheros ce, na 2 da na 3 kuwa ta Realtek, suna ɗaya, ciki daban, tafinta daban.

Ran Juma'a bayan an sauko masallaci na tara shugabannin ƙungiya na faɗa musu komai, ban rage ba. Na ce sunaye sun tafi cikin lokaci, na'ura ta warke, amma jika 12 sun salwanta ta dalilin gaggawata, kuma zan biya daga fanshona. Wasu suka ce a yafe, ai kuskure ne. Ma'aji ya yi shiru, sannan ya ce: "Mushe, biya ɗin shi ya fi, don gobe in wani ya yi ɓarna mu iya kallon idonsa. Amma ni abin da ya ba ni mamaki, kai da ka shekara 30 kana ce wa ɗiyanmu matambayi ba ya ɓata." Aka yi dariya, ni ma na yi, amma maganar ta zauna. Na biya cikin wata 2. Irin ya iso kafin ruwan shuka.

Yanzu bari in juyo gare ku. Ku ma'aikata, na shiga ofisoshi da dama a zamanin aikina da bayansa, na ga kwamfutoci jibge a kan kabad ƙura ta rufe su, in ka tambaya a ce sun mutu, ana jiran kasafin sababbi. Ina da yaƙinin cewa da za a kira yaro irin wannan ya duba su ɗaya bayan ɗaya, da an tarar wasunsu makunni ne, wasu tafinta, wasu ɗan katin jika 3. Dukiyar ƙasa ce, kuɗin harajin talaka ne. Kafin a rubuta takardar mutuwar na'ura, a tabbata an yi mata tambayoyin nan 5. Ku kuma ƴan kasuwa, ba na zargin wanda ya sayar mini, abin da na roƙa ya ba ni. Sai dai da ya ce mini "wace iri ce na'urarka?", da ya rasa cinikin jika 12 na rana ɗaya, ya sami abokin ciniki na shekara 10 da duk wanda zan turo masa daga Tajaye har Malbaza. Ga kuma abin lura: kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, kuma Windows 11 ba ta hawa tsofaffin na'urori da yawa. Abin da ofisoshin Turai da Amurka suka sauke, kasuwanninmu yake nufowa. Ɗan kasuwar da ya san bambancin gurbi da gurbi, ya kuma ajiye kayan gyaran tsofaffi kusa da sababbi, shi zai ci wannan kasuwa.

Gaskiya guda ta rage, kada in bar ku da rabin sani irin nawa. Sabon kati yana mai da wa tsohuwar na'ura ji, amma ba ya mai da ta yarinya. Windows 7 an daina toshe mata kafofin ɓarayi tun 14 ga Janairu 2020, Windows XP kuwa tun 8 ga Afrilu 2014. Wanda ya haɗa irinsu da intanet ya san gida ne mai ɗauke da tsohon kwado. Ni dai ba na shigar da lambar sirrin kuɗi a cikin tawa, ina kwafe littafin ƙungiya a kile 2 kowane ƙarshen wata, ɗaya wurina ɗaya wurin ma'aji, kuma yaron nan ya yi mini alkawarin sa mata Linux, wadda ke tafiya da tsofaffin na'urori kuma ake ci gaba da sabunta ta.

Katin jika 12 yana nan cikin akwatin tebur ɗina, a cikin yagaggiyar ledarsa. An taya shi sau ɗaya na ƙi sayarwa. Duk ran da na ji zuciyata tana gaggawar cewa a kawo mafi sabo, mafi ƙarfi, ko a na'ura, ko a iri, ko a shawara, sai in buɗe akwatin in dube shi. Lafiyarsa lau, babu abin da ya same shi, wurin zama ne kawai bai samu ba. Iyayenmu da za su yi wa mutum addu'a ba su cewa Allah ya ba ka mafi girma. Cewa suke Allah ya sa ka dace. To, Allah ya sa mu dace, ya ba mu damina mai albarka. Sai wani mako, in mai duka ya kai mu.